Remington 870 da Ƙotar Roba: Yadda Ƙananan Kamfanoni Suka Gaji Rabin Bindiga

Duk wanda ya kwance matashin robar da ke gindin bindigar farauta ƙirar Remington 870 ya leƙa ramin da ke cikin ƙotar, abu ɗaya zai gani: kan wani dogon noti. Shi kaɗai ke riƙe da ƙotar a jikin akwatin ƙarfen da kunama da sauran kayan aikin bindigar suke ciki. Daga gaba kuma, mariƙin da ake ja a tura don fitar da kwanso da ɗora sabon harsashi, zobe ɗaya ne mai zare ya ɗaure shi. Haka bindigar ta fito daga masana'antar garin Ilion na jihar New York a 1950, kuma a mai geji 12 (geji shi ne awon faɗin ramin bututu) waɗannan mahaɗai biyu ba su yi wani sauyin a zo a gani ba har yau. Ƙotar da aka zuba da roba bana za ta hau bindigar da aka ƙera shekara 70 da suka wuce, a ɗaure noti a tafi daji.

A kan wannan noti da wannan zobe wata kasuwa ta kafu a Amurka, ta kamfanonin da ba bindiga suke ƙerawa ba, ƙota da mariƙi suke zubawa. Tallarsu kullum maganar ruwa take yi: katako na jiƙa, yana kumbura, yana tsagewa, roba kuwa ko a jikinta. Da gaskiya a ciki, amma ba ita ta ɗaga kasuwar ba. A ganina tsawo ne ya kai mutane ga roba. Remington ta shafe shekaru tana yanka ƙota a awon mutum ɗaya da ta ƙiyasta a ranta, alhali masu ɗaukar bindigar sun daina kama da shi.

Ita bindigar

870 ta zo ne ta maye gurbin Model 31, bindiga mai kyau amma mai cin aikin hannu, ga tsada, ta kuma kasa ja da Model 12 ta kamfanin Winchester. Injiniyoyi huɗu, Ray Crittendon da Phillip Haskell da Ellis Hailston da G. E. Pinckney, suka zana sabuwar yadda na'ura za ta fitar da sassanta su dace da juna ba sai wani ya zauna yana goga ba. Ta yi kasuwa sosai. An kai miliyan 2 a 1973, miliyan 7 a 1996, ta miliyan 10 ta fito a watan Afrilun 2009, yanzu an haura miliyan 11. Yawancin wannan ƙaruwa daga Express ta zo, samfurin mai araha da aka fito da shi a 1987, wanda ba a goge ƙarfensa ya yi sheƙi ba, katakonsa kuma ba na icen walnat ba ne irin na Wingmaster, samfurin 870 na asali. Wanda ya sayi Express ba ya jin ciwon cire katakonta ya jefa bayan kabad.

Akwai kuma wani abu a ƙirar da ba a cika magana a kansa ba. Cikin ƙotar 870 babu komai sai notin nan. 'Yar'uwarta Model 1100, mai ɗora harsashi da kanta, tana da bututun sifirin da ya ratsa cikin ƙota, saboda haka duk ƙotar da za a yi mata dole ta bi tsawon bututun da karkatarsa. A 870 hannun mai harbi ne ke yin wannan aiki, bayan akwatin ƙarfen fili ne. Ana iya maƙala masa gajeriyar ƙota, ko mai naɗewa, ko mai mariƙi irin na ƙaramar bindiga. Ita kanta Remington ta yi wa 'yan sanda ƙotar ƙarfe mai naɗewa ta kwanta a kan bututu tun a shekarun 1970.

Roba ta fara da jin kunya

Ba 870 aka fara gwada roba a kanta ba. Tun ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Stevens ya riƙa sa wa wasu bindigoginsa na farauta ƙotar Tenite, wata roba ta kamfanin Eastman da aka yi wa launi ta yi kama da katako. Ba ta da nauyi, sai bindigar ta riƙa dukan kafaɗa da ƙarfi, in ta kwana biyu kuma ta bushe ta tsage. Wajen 1950 aka koma katako, mafarauta kuma suka daɗe suna ɗaukar ƙotar roba a matsayin alamar kayan banza.

Remington ce ta wanke wa roba suna, amma a wata bindigar daban. Tun 1933 kamfanin sinadarai na DuPont ke riƙe da akalarta, shi ne kuma mai nailan. A 1959 suka fito da Nylon 66, ƙaramar bindiga mai harsashin .22 da aka zuba ƙotarta da nailan ɗin Zytel, aka sayar da fiye da miliyan 1 kafin a daina ta a 1989. Wato ilimin yana cikin gida, robar ma ta gida ce. Duk da haka 870 ta ci gaba da fitowa da katako shekara da shekaru, saboda mai sayen Wingmaster walnat mai sheƙi yake so ya nuna wa abokansa.

Masu harbin agwagin ruwa ne suka fara karya wannan al'ada, kuma a wurinsu maganar ruwa gaskiya ce. Mutum ne ke tsaye cikin fadama ko kwance cikin kwalekwale da sanyin asuba, ga laka, ga ruwan gishiri a bakin teku, ga kare yana tattaka kaya. A 1991 aka haramta harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma a duk faɗin Amurka, aka koma na ƙarfe, waɗanda ke iya lalata tsofaffin bututu. Da yawa suka ajiye bindigar gado suka sayi ta wahala, baƙa ko mai launin ciyawa. A wannan zamani ne Remington ta fito da Marine Magnum, mai rufin nikel da ƙotar roba, don jiragen ruwa.

Sai dai hujjar kumburi, wadda masu talla suka fi so, daga duniyar bindigar harbin nesa aka aro ta. A can katako guda ne ya rungumi bututu tun daga baya har gaba, in ya sha danshi ya murɗe sai ya tura bututun, harsashi ya kauce a nisan yadi 300. A 870 katakon biyu ne, ba ko ɗaya da ke danne bututu, abin da ke fita kuma tarin ƙwayoyi ne masu bazuwa. Abin da ke kashe katakonta daban ne: man da ake zuba wa ƙarfe yana gangarowa in an jingine ta, ya shiga kan ƙotar ya yi mata laushi, noti ya ɗan saki, kowane harbi ya riƙa buga ƙarfe a kan katako har ya tsage a wuya. Rashin kula ne ke kawo wannan, ba damina ba.

Inci 14

A nan gizo ke saƙar. Awon ƙotar 870 ta farauta sananne ne: inci 14 daga kunama zuwa ƙarshen matashi, wato kusan santimita 35 da rabi, doronta ya sauka inci 1 da rabi ƙasa da layin bututu a inda kunci ke kwanciya, da inci 2 da rabi a can ƙarshe. An yanka shi ne don namiji matsakaicin tsawo, sanye da rigar farauta, tsaye a karkace yana bin tsuntsu da bakin bindiga.

Me ya sa awon ya zama babban abu? Bindigar farauta ba ta da saitin baya. Idon mai harbi ne saitin, ƙotar ce kuma ke ajiye idon a inda zai zauna. Masu gyaran ƙota suna da lissafi mai sauƙi: a nisan yadi 16, in kunci ya gusa da kashi 1 cikin 16 na inci, tsakiyar harbin zai gusa da inci guda. Rubu'in inci a doron ƙota ya zama inci 4 a yadi 16, ya zama inci 10 a yadi 40. Wanda ƙota ta yi wa tsawo kuwa, gindin bindigar na saƙale masa a riga lokacin ɗagawa, ya sauka a dantse maimakon lungun kafaɗa, hannunsa na gaba ya miƙe har ya kasa jan mariƙin zuwa ƙarshe. In ba a ja shi har ƙarshe ba, kwanso ya maƙale ko sabon harsashi ya ƙi hawa. Manomi ya san wannan: ruwan fartanya na maƙeri ne, amma ƙotar sai an sassaƙa ta daidai tsayin mai noma, in ba haka ba bayansa ne zai biya.

To, a shekarun 1970 abubuwa biyu suka sauya jikin ɗan sandan Amurka, wanda 870 ke tsaye kusa da shi a cikin motar sintiri. Na farko doka. A 1972 aka faɗaɗa dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki ta shafi gwamnatocin jihohi da na birane, a 1977 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Dothard da Rawlinson, ta soke sharaɗin jihar Alabama na cewa ganduroba sai ya kai tsawon ƙafa 5 da inci 2 da nauyin fam 120. Sharuɗɗan tsawo suka riƙa faɗuwa a rundunoni, mata da gajerun maza suka shigo aiki. Na biyu rigar sulke mai laushi. Stephanie Kwolek ta gano zaren Kevlar a 1965, zuwa tsakiyar shekarun 1970 an fara sa rigarsa a ƙarƙashin kaki. Rigar ta ƙara kauri tsakanin kafaɗa da gindin bindiga, ta kuma sauya tsayuwa, domin mai sulke ana koya masa ya fuskanci hatsari da ƙirji, kada ya ba da gefen hammata inda rigar ba ta rufe ba. Wanda ya tsaya haka, inci 14 ta yi masa yawa ko da dogo ne. Abin dariyar shi ne Kwolek ma'aikaciyar DuPont ce. Kamfani ɗaya ya yi zaren rigar, shi ne kuma mai masana'antar da ke fitar da ƙotar da rigar ta mayar doguwa.

Ana iya yanke katako, kuma an yi ta yankewa. Amma rundunar da ke da bindigogi ɗaruruwa, kowace tana yawo daga hannu zuwa hannu a sauyin aiki, ba za ta kai su wurin masassaƙi ɗaya bayan ɗaya ba. Tana son abin da mai kula da ɗakin makamai zai ɗaura da sukundireba cikin minti kaɗan. An kuma lura da wani abu: dogon mutum na iya aiki da gajeriyar ƙota, gajere kuwa ba ya iyawa da doguwa. Sai inci 13, har 12, suka zama abin nema. Masu ajiye bindiga a gida don tsaro suka bi sahu, haka ma iyayen da ke son ɗa ko 'ya su koyi harbi da bindigar da za a ƙara mata tsawo in sun girma.

Masu zubi

Lissafin zubin roba a bayyane yake. Mazubin ƙarfe yana cin kuɗi mai yawa kafin a fitar da ko ƙota ɗaya, amma da zarar an gama shi, kowace ƙota 'yan mintoci take ɗauka, kuɗin robarta kaɗan ne. Ba mai zuba wannan jari sai ya tabbata akwai bindigogi masu yawa da mahaɗa iri ɗaya. 870 ta ba su miliyoyi, Mossberg 500, kishiyarta ta kamfanin Mossberg wadda ta fito a farkon shekarun 1960, ta ba su wasu miliyoyin. Shi ya sa mai ɗaya daga cikin waɗannan biyu ke da zaɓi har ya rasa na ɗauka, mai wata bindigar kuwa, ko ta fi su kyau, sai ya sha nema.

Kowane kamfani ya kama gefensa. Choate na garin Bald Knob a jihar Arkansas ya yi suna da ƙota mai naɗewa da mai mariƙin hannu. Speedfeed ya huda ramuka a jikin ƙotar, biyu-biyu a kowane gefe, ta ɗauki harsashi 4 na ko-ta-kwana. Hogue, wanda wani ɗan sandan Los Angeles mai suna Guy Hogue ya kafa a 1968, ya lulluɓe roba mai tauri da wata mai laushi a wurin riƙo, ya kuma yi ƙota mai inci 12. Knoxx ya sa sifirin a ciki don ya shanye bugun baya. SureFire ya ɗauki mariƙin gaba ya dasa masa tocila da maɓallinta a inda yatsu suke, abin da katako ba zai taɓa bayarwa ba, kuma ga wanda zai shiga ɗaki mai duhu wannan ya fi duk wani ƙawa amfani.

Wadda ta fi fito da batun fili ita ce SGA ta kamfanin Magpul, wanda tsohon sojan kundumbala na ruwa Richard Fitzpatrick ya kafa a jihar Colorado a 1999. Ta fito a farkon shekarun 2010. Ba ta zaɓar wa mutum tsawo. Tana zuwa da faranti huɗu na rabin inci da ake sa wa ko a cire a gaban matashi, tsawon ya tashi daga inci 12 da rabi zuwa 14 da rabi, akwai kuma doron kunci mai tsayi daban-daban ga wanda ya ɗora wa bindigarsa madubin saiti. Aikin da a da sai masassaƙi, ya koma na mai bindiga a kan teburin gidansa. Ba ta da kyan gani, ni dai ban ga wanda ya yabe ta ta wannan fuska ba, amma ta amsa tambayar da Remington ta ƙi amsawa. Daga baya Remington ta sallama: ta riƙa fitar da 870 daga masana'anta da ƙotar Knoxx, da ta Hogue, da ta Magpul, tana buga sunayensu a talla.

Abin da roba ke ci

Mai sayarwa ba zai gaya maka wannan ɓangaren ba. Ƙotar roba mai araha fanko ce. In ta rage wa bindiga nauyi, bugun baya zai ƙaru daidai gwargwado: 870 da ta kai kilo 3.3, in ta sauka zuwa kilo 3, ƙarfin dukan kafaɗa ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 da harsashi iri ɗaya. Nauyin kuma ya koma gaba, bindigar ta riƙa rinjayar hannu. Fankon yana ƙara in reshe ya taɓa shi, mai jiran talo-talon daji ko barewa ba ya son haka, shi ya sa za ka ga ana cusa masa soso ko wani abu mai nauyi. Ba kowace roba ce haka ba, masu zaren gilashi a ciki suna da kauri da nauyi, amma su ba su da araha.

Fanko kuma ba ya yankuwa da daɗi. Ka yanke inci guda, ka yanke har da wurin da sukurorin matashi ke kamawa, sai an toshe ramin da katako kafin a mayar da matashin. Masassaƙin ƙwarai na iya karkata ƙotar walnat zuwa dama ko hagu da zafi da mai, ya kankare doro, ya ɗinke tsaguwa da gam, ya sake shafa mata mai ta dawo sabuwa. Roba in ta karye ta tafi ke nan. Maganin sauron da ake shafawa a hannu yana cin wasu robobi da fentin launin ciyawa. Wani rufi mai laushi da ake kira Dura-Touch, wanda Browning da Winchester suka yi amfani da shi, ya riƙa narkewa yana danƙo bayan shekaru, har maganar ta kai kotu. Ƙotar mai sifirin ma tana da nata: bindigar na gusowa baya a kan ƙotar lokacin harbi, wanda ya kwantar da kunci ba daidai ba ya sha mari.

Saboda wannan, masu harbin faifan yumɓu a gasa, waɗanda ke harba harsashi ɗaruruwa a yini, yawancinsu ba su rabu da katako ba. Su awo suke so na mutum ɗaya tak, kuma suna da kuɗin masassaƙi.

In ta ƙi hawa

Cewa mahaɗar 870 ba ta sauya ba, ba yana nufin komai na hawa komai ba. Tun shekarun 1970 mai geji 20, wadda ramin bututunta ya fi ƙanƙanta, ta koma kan ƙaramin akwati, ƙotar geji 12 ba ta zauna mata. Mariƙin gaba na farauta dogo ne, in an ja shi baya yana rufe gefen akwatin ƙarfe, saboda haka wanda ya maƙala ma'ajin harsashi a gefen sai ya koma gajeren mariƙi irin na 'yan sanda. Zoben mariƙin yana son sifanarsa ta musamman, in kuma aka ɗaure shi mariƙin na karkace, zai riƙa gogar bututu.

A ɓangaren Mossberg abin ya fi rikici, kuma kwatanta su yana nuna darajar abin da 870 ta riƙe. Bututun da mariƙin 500 ke hawa kansa tsawo biyu ne, inci 6 da kashi 3 cikin 4, da inci 7 da kashi 5 cikin 8. Maverick 88, ƙanwarta mai araha da ake harhaɗawa a Eagle Pass na jihar Texas, mariƙinta a manne yake da sandunansa, ba zobe, sai an sayi dukan sashen kafin a sauya. Maɓallin kulle kunamar Mossberg 500 a saman akwati yake, inda babban yatsa ke kaiwa, wanda ya sa mata ƙota mai mariƙin ƙaramar bindiga sai ya saki riƙo kafin ya kai gare shi. Na 870 a bayan kunama yake, ko wace ƙota aka sa yatsa na kaiwa. Kamfanin Benelli na Italiya kuwa ya tafi can ƙarshe a 1999 da Nova, inda aka zuba ƙota da akwati a roba guda, ba abin kwancewa. Ruwa ba ya yi mata komai, amma ba a sauya mata ƙota. A 2006 ya fito da SuperNova mai ƙotar da ake cirewa. Da ruwa ne kaɗai damuwar masu saye, da ba a buƙaci ta biyun ba.

Launi, da doka

Ranar 28 ga Fabrairun 1997 'yan fashin banki biyu sanye da sulke suka yi ta musayar wuta da 'yan sanda a unguwar North Hollywood ta birnin Los Angeles. Ƙananan bindigogi da na farauta suka kasa huda sulken, har wasu jami'ai suka je kantin makamai na kusa suka aro manyan bindigogi. Bayan wannan rundunoni suka riƙa sa bindigar AR-15 mai dogon zango a motocin sintiri, 870 ta rasa kujerarta. Da yawa ba a sayar da su ba, an mayar da su na harba ɗan buhun ƙyalle mai ƙwayoyin dalma a ciki, wanda ake nufin ya kayar da mutum ba tare da ya kashe shi ba. Don kada a rikita su da masu kisa, aka cire musu ƙota da mariƙi aka sa na roba mai launin ruwan goro, a Los Angeles kuma kore. Wannan aiki roba ce kaɗai ke yin sa da kyau, domin launin a cikin jikinta yake, ba fenti ba ne da zai kankare.

Amma launin bindigar ya nuna, bai nuna abin da ke cikinta ba. Bututun bai sauya ba, duk harsashin geji 12 zai shiga. A watan Yunin 2011, a birnin Portland na jihar Oregon, wani ɗan sanda ya ɗura harsashi mai kisa bisa kuskure a bindigar da aka keɓe wa ɗan buhu, ya harbi wani matashi. Matashin ya rayu da munanan raunuka, birnin ya biya diyyar fiye da dala miliyan 2.

Akwai kuma inda noti ɗaya ke kai mutum kurkuku. Dokar makamai ta tarayya ta 1934, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta ce bindigar farauta da bututunta bai kai inci 18 ba, ko tsawonta duka bai kai inci 26 ba, sai an yi mata rajista ta musamman. A 2017 Mossberg ta fito da Shockwave, Remington ta bi da Tac-14, dukansu masu bututun inci 14 amma ba ƙotar kafaɗa, sai ɗan mariƙi, tsawonsu ya ɗan haura inci 26, saboda haka a idon doka ba bindigar kafaɗa ba ne. Bayan akwatin Tac-14 irin na kowace 870 ne. Ƙotar kafaɗa za ta hau shi lafiya lau, wanda ya ɗaura ta ba rajista kuma ya aikata laifin da hukuncinsa ke kai shekara 10.

Bayan kamfanin ya durƙushe

DuPont ya sayar da Remington a 1993. A 2007 kamfanin zuba jari na Cerberus ya saye ta, daga nan masu saye suka yi ta ƙorafin Express na saurin tsatsa, kwanso na maƙalewa a ɗakin harsashin da ba a goge ba. Bashi ya yi mata katutu, ta nemi kariyar kotu a watan Maris na 2018, ta sake nema a Yulin 2020. A Satumba aka yi gwanjonta gunduwa-gunduwa: sashen harsashi ya tafi Vista Outdoor, sashen bindigogin Marlin ya tafi kamfanin Ruger, ƙera bindigogi kuma wani rukuni mai suna Roundhill ya saya a kan dala miliyan 13. Masana'antar Ilion ta tsaya watanni, ta sake buɗewa a ƙarƙashin sunan RemArms, aka maye gurbin Express da Fieldmaster a 2022, sannan a Maris na 2024 aka rufe Ilion gaba ɗaya aka koma LaGrange a jihar Georgia.

A duk tsawon wannan rikici, wanda ƙotar 870 ɗinsa ta tsage bai jira kowa ba. Masu zubi ba su dogara da sabbin bindigogi ba, waɗanda ke hannun mutane tun tuni sun ishe su, har da kwaikwayon 870 da ake ƙerawa a China, wanda ƙota da yawa ke hawa kansa. Sababbin masu kamfanin ma ba su taɓa mahaɗar ba, kuma da wuya su taɓa, domin bindigar da ba ta karɓar kayan Magpul da Hogue ba za ta sayu da sunan 870 ba.

Katakon kuwa bai mutu ba. Tsofaffin ƙotocin walnat da gajerun mariƙai masu zobe-zobe da rundunoni suka cire a shekarun baya, yanzu ana neman su ana saye da daraja. Boyds na jihar South Dakota na sassaƙa sababbi da na'ura, mai saye ya zaɓi tsawon da yake so. Mossberg ta fito da jerin Retrograde, bindigogin tsaro masu walnat, Remington ma ta yi Tac-14 mai katako kafin a yi gwanjon kamfanin.